Kwamfutar da ke tashi da kanta a cikin jaka

Ranar wata Juma'a a watan Maris, lokacin da zafi ya fara kankama, wani ɗan yayata da ke aji shida na sakandare a Karaye ya kai kwamfutarsa shagon caji tun da sassafe. Irin wadda ake naɗewa kamar littafi ce, wadda matasa ke kira laftof. Ba sabuwa ba ce, tokumbo ce da yayansa ya sayo masa a kasuwar Beirut da ke Kano domin ya riƙa gwajin jarrabawar JAMB. Bayan an sauko daga masallaci ya je ya karɓo ta, ya kunna ya ga batiri ya cika maƙil, ya kashe ta yadda aka koya masa, ya cusa ta cikin jakar goyo tare da littattafai, sannan ya hau babur zuwa ƙauyensu da ke ɓangaren Rogo. A ƙauyen babu wuta. Wannan cajin shi ne guzurinsa na Asabar da Lahadi.

Da ya isa gida ya jingine jakar a ɗaki, ya shiga hidimomin gida. Bai waiwaye ta ba sai bayan sallar isha'i. Yana sa hannu ya ji cikin jakar da ɗumi kamar an ajiye ta kusa da murhu. Ya fito da kwamfutar, ya danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Batiri ya mutu murus.

Ya kira ni a waya muryarsa na rawa. “Kawu, wallahi na kashe ta. Ko dai mai caji ne ya canza min batiri?”

Na ce masa ya bar zargin bawan Allah tukuna. A wannan makon bai yi gwaji ko ɗaya ba, ga jarrabawa saura makonni kaɗan. Mako na zagayowa abin ya sake faruwa. A nan ne muka kai ta wurin wani mai gyara, kuma abin da ya nuna mana shi ne dalilin wannan rubutu, domin na san akwai ɗalibai da yawa a Karaye da Rogo, daga Yammedi zuwa Zarewa, da ke yawo da irin wannan kwamfuta a baya ba su san halinta ba.

Me ya tashe ta?

Mai gyaran bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya sa mata caja, ya bari ta ɗan samu wuta, ya kashe ta sarai a gabanmu, ya rufe murfin. Sai ya sa ɗan yatsa ya ɗaga murfin kaɗan, bai ma kai tsawon yatsa ba. Nan take fanka ta motsa, tambarin kamfani ya bayyana a allo. Babu wanda ya taɓa maɓallin kunnawa.

Ya dube ni ya ce, “Malam, ga ɓarawon cajin nan. Lafiyarta ƙalau, haka aka saita ta.”

Abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko, an saita kwamfutar ta riƙa kunna kanta da zarar an buɗe murfi. Na biyu, maɗaurin murfin ya saki saboda tsufa, har jijjigar babur a kan hanya takan sa bakin ya ɗan buɗe, musamman idan gefen littafi ya kutsa tsakani. Na uku, wanda ya fara amfani da ita a ƙasar waje ya saita ta kada ta yi barci ko da an rufe murfi, kuma kada ta yi barci don an bar ta ba a taɓa ba. Ma'aikatan ofis kan yi haka idan suna haɗa laftof da babban allo a kan tebur, su rufe ta su ci gaba da aiki. Saboda haka da ta tashi a hanya, ko da murfin ya koma ya rufe, ba ta sake kwanciya ba. Ta yi ta aiki a cikin duhun jaka har wuta ta ƙare.

Masu karatun kimiyya, ga lissafi mai sauƙi. Ana auna abin da batiri ke ɗauka da wat-awa. A ce tsohon batiri yana iya riƙe wat-awa 24 kacal, kuma kwamfutar da ke kunne ba ta wani aiki mai nauyi tana shan wat 8. Raba 24 gida 8, ka samu awa 3. Daga saukowa Juma'a zuwa isha'i ya fi awa 3 nesa ba kusa ba. Ba a buƙatar aljani ko mai cajin da ya ci amana kafin a bayyana abin da ya faru.

Maganaɗisun da ke ɓoye a gefen allo

Tambayar da ta fi burge ni ita ce wadda yaron ya yi a shagon: ta yaya abin da aka kashe zai san an buɗe shi?

Amsar ita ce laftof ba ta mutuwa gaba ɗaya matuƙar batiri na jikinta. Akwai wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa a cikinta, dabam da babbar ƙwaƙwalwar da ke gudanar da Windows, wadda ba ta barci. Aikinta kamar na mai gadi ne: ita ke lura da maɓallin kunnawa, ita ke kula da shigar caji, ita ke ba fanka umarni, ita ce kuma ke sauraron labarin murfi. Wutar da take sha kaɗan ce ƙwarai. Wannan na cikin dalilan da suka sa idan ka ajiye laftof a kashe na tsawon makonni za ka tarar cajin ya ɗan ragu.

Shi kuwa labarin murfi, maganaɗisu ne ke kawo shi. A yawancin laftof na zamani an ɓoye ɗan ƙaramin maganaɗisu a gefen allo, sannan a ɓangaren madannai, daidai inda zai sauka idan an rufe, an dasa wata 'yar na'ura mai jin ƙarfin maganaɗisu. A wasu kuma akasin haka aka jera su. Idan murfi ya rufe, maganaɗisu ya matso, na'urar ta shaida wa mai gadi an rufe. Idan ya yi nisa, ta ce an buɗe. Tsofaffin laftof wani ɗan tsinke suke da shi kusa da maɗauri wanda murfi ke dannawa, kamar wanda ke kashe fitilar firji idan an rufe ƙofa. Tsinken kan karye ko ƙura ta toshe shi, shi ya sa aka koma maganaɗisu.

Wannan na'ura tana da tarihi mai daɗi. A shekarar 1879 wani ɗalibi mai neman digirin digirgir a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, mai suna Edwin Hall, ya bi da wutar lantarki ta cikin siririn fallen zinariya, ya sa shi a tsakanin maganaɗisu. Sai ya lura cewa maganaɗisun na tura wutar zuwa gefe ɗaya na fallen, har a iya auna ɗan bambancin ƙarfin lantarki tsakanin gefen biyu. A lokacin bai kai shekara 25 ba, kuma ko ƙwayar lantarkin da ake kira ilektiron ba a gano ba, sai a 1897, bayan shekara 18. Yau da sunansa ake kiran wannan dabi'a, kuma na'urorin da aka gina a kanta suna cikin injinan motoci da fankokin kwamfuta da wayoyin da allonsu ke mutuwa idan an rufe rigarsu. Idan malaminku na Fiziks ya zo kan darasin maganaɗisu, ku tambaye shi labarin Hall.

Za ku iya gano maganaɗisun da kanku. Ku samu allura ko ƙaramin ƙarfen maƙale takarda, ku bi da shi a hankali ta gefen allon, ban da kan gilashin. Inda kuka ji ya ɗan manne, akwai maganaɗisu a wurin. Kada ku ruɗe da sifika, domin ita ma tana da nata. Kuma kada a ɗauko babban maganaɗisun tsohuwar rediyo a ce za a yi gwaji da shi, musamman a kan kwamfuta mai tsohon faifan ajiya irin mai juyawa.

Sanin wannan yana warware wata matsalar da ke ruɗa mutane. Wani zai ɗora laftof ɗinsa a kan wata laftof da ke rufe, ko ya ajiye waya mai riga da maganaɗisu kusa da madannai, sai allo ya mutu farat ɗaya. Na'urar ce ta ji maganaɗisu ta ɗauka an rufe murfi. A shagunan da ake jibge kwamfutoci ɗaya kan ɗaya wannan kan faru, har a fara zargin allo ya lalace.

Barci dabam, kashewa dabam

Kafin ka taɓa kowane saiti, ka tabbatar wace matsala ce taka, domin abubuwa biyu ne masu kama da juna. Tun 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da wani tsari mai suna ACPI wanda ya rarraba halayen da kwamfuta kan shiga. Uku ne suka shafe mu.

Akwai barci. A nan allo ya mutu, amma duk aikin da kake yi yana nan a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda sai da wuta take riƙe abu. Batiri na ci gaba da raguwa a hankali, kuma ƙaramin abu kan farkar da ita: buɗe murfi, taɓa madanni, ko motsin linzamin da aka manta ba a zare ba. Sababbin kwamfutoci da yawa ma barcin zomo suke yi, ido ɗaya a buɗe, suna iya ci gaba da ƙananan ayyuka kamar yadda waya ke yi a aljihu. Irin waɗannan sun fi yawan ɗumama jaka.

Akwai dogon barci, wanda a Windows aka rubuta shi “Hibernate”. Kwamfuta kan kwashe duk abin da ke ƙwaƙwalwar wucin gadi ta rubuta a faifan ajiya, sannan ta mutu. Idan ka kunna za ka tarar da aikinka inda ka bari, kuma kusan ba ta sha komai ba. Ga wanda ke biyan kuɗin caji, a ganina wannan ne ya fi dacewa, kuma abin mamaki shi ne mutane suka fi jahilta.

Sai kashewa ɗungurungum. Ko a nan akwai ɗan sirri: tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, idan ka danna “Shut down” kwamfuta kan adana wani ɓangare na kanta a faifai domin ta yi saurin tashi. Idan kana son cikakkiyar kashewa, ka danne madannin Shift yayin da kake danna “Shut down”.

Gwajin kuwa ba wuya. Kashe ta, ka jira duk fitilu su mutu, ka rufe murfi, ka ƙirga goma, ka buɗe. Idan ta yi shiru sai ka danna maɓalli, to ba ta da wannan hali ko an riga an kashe shi, matsalarka ta barci ce. Idan tambarin kamfani ya fito da kansa, irin ta ɗan yayata ce.

Maganin ta barci yana cikin Windows. Ka shiga “Control Panel”, ka nemi “Power Options”, a gefen hagu za ka ga “Choose what closing the lid does”. A nan ake zaɓar abin da rufe murfi zai jawo, kuma layi biyu ne, ɗaya na lokacin da take kan batiri, ɗaya na lokacin da take jone da wuta. Idan ka tarar da “Do nothing” a layin batiri, ka kama ɗaya daga cikin ɓarayin. Mayar da shi “Hibernate”, ka adana. Duk wanda ya sayi tokumbo ya kamata ya leƙa wannan shafi a ranar farko, domin bai san a wane ofis ta yi rayuwarta ta baya ba.

Inda ake hana ta tashi

Shi kuwa kunna kai idan an buɗe murfi ba a Windows yake zaune ba, tunda kafin Windows ta farka abin ke faruwa. Yana cikin wani shafi da ake kira BIOS, wanda masu gyara ke furtawa bayos. Ana shigarsa ne ta hanyar danna wani madanni a kai a kai da zarar an kunna kwamfuta, kafin tambarin Windows ya fito. A Dell madannin F2 ne. A HP kuwa F10 ne, ko ka fara danna Esc jerin zaɓi ya fito. A Lenovo ThinkPad F1 ne, a IdeaPad kuma F2.

Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa abin. Dell na kiransa “Power On Lid Open”, kuma yana ɓangaren da ya shafi wuta. A HP, musamman irin na ofis kamar EliteBook da ProBook waɗanda suka cika kasuwannin Kano, ana rubuta “Power On When Lid is Opened” a ƙarƙashin “Advanced”. Lenovo na ce masa “Flip to Boot” ko “Flip to Start”, kuma a wasu samfuran ana iya kashe shi daga manhajar Lenovo Vantage ba sai an shiga bayos ba. Idan ka same shi, ka cire alamar da ke gabansa ko ka mayar da shi “Disabled”, sannan ka adana kafin ka fita. Wanda ya fita bai adana ba, aikin banza ya yi. Ba kowace laftof ke da wannan zaɓi ba. Tsofaffi da yawa ba su san shi ba sam, kuma irin waɗannan ba sa tashi sai an danna.

Kusa da shi sau da yawa akwai ɗan'uwansa, wanda ke kunna kwamfuta da zarar ta ji an jona caja. Dell na rubuta shi “Wake on AC”, HP kuma “Power On When AC Detected”. Wannan ya shafe mu sosai. Ka kai kwamfuta shagon caji a kashe, mai shago ya jona, ta kunna kanta a cikin tarin wayoyi. Idan janareta ya tsaya don a ƙara mai, ta koma shan batiri. Idan aka tayar, ta ci gaba. Ka zo da yamma ka tarar ba ta cika ba, ka hau faɗa. Kuma idan ba ka sa mata kalmar sirri ba, hotunanka da takardunka suna buɗe a shagon mutane.

Ga gargaɗi, kuma da gaske nake. Bayos ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Abin da ka shiga nema shi kaɗai za ka taɓa. Akwai saitin da idan ka canza, kamar na yadda ake karanta faifan ajiya, Windows za ta ƙi tashi. Akwai kuma na tsaro, irin su “Secure Boot” da “TPM”, waɗanda idan aka taɓa su a kwamfutar da aka kulle faifanta da BitLocker, za ta iya neman wata lamba mai alƙaluma 48 kafin ta buɗe, kuma mai tokumbo da wuya ya san inda lambar take. Dabarar da nake ba kowa ita ce ya ɗauki hoton shafin da waya kafin ya canza komai. Idan kuma kana shiga ta nemi kalmar sirri, to kamfanin da ya fara mallakarta ne ya kulle, sai ka koma wurin wanda ya sayar maka. Kwamfutar makaranta kuwa, ko ta ɗakin gwajin jarrabawa, ba taka ba ce. Ka gaya wa malamin da ke kula da ɗakin, shi zai san abin yi.

Wani abu kuma: a cikin laftof da yawa akwai ɗan batiri mai kama da kwabo wanda ke riƙe agogo. Idan ya mutu, a wasu samfuran saitin bayos kan koma yadda ya fito daga masana'anta. Idan ka ga kwamfutarka na yawan manta kwanan wata, kuma halin da ka kashe ya dawo, wannan kwabon ne ke neman canji.

Masu MacBook

Na san ba su da yawa a ajujuwanmu, amma ana samun wanda yayansa ya bar masa, kuma labarinsu na da darasi. Kamfanin Apple ya fara sa MacBook Pro ta riƙa kunna kanta idan an buɗe murfi ko an jona caja a samfurin 2016, daga baya abin ya bazu zuwa sauran. Mac ba ta da shafin bayos irin na sauran, saboda haka da rubutaccen umarni ake yi, a cikin wata manhaja mai suna Terminal.

A waɗanda ke da ƙwaƙwalwar Intel, ana rubuta sudo nvram AutoBoot=%00 domin kashewa, a mayar da shi da sudo nvram AutoBoot=%03. Da Apple ya koma amfani da ƙwaƙwalwar kansa, wadda ta fara da M1 a watan Nuwamban 2020, wannan umarni ya daina aiki, masu sababbin Mac suka yi shekaru suna ƙorafi babu mafita. Sai a farkon 2025 kamfanin ya wallafa hanya ga masu macOS Sequoia 15 ko wadda ta biyo bayanta. Umarnin sudo nvram BootPreference=%00 na hana ta tashi ko an buɗe murfi ko an jona caja. Idan aka sa %01 a ƙarshe, murfi kaɗai aka hana. Idan %02 ne, caja kaɗai. Wanda ya canza ra'ayi sai ya rubuta sudo nvram -d BootPreference, komai ya koma yadda yake. Za ta nemi kalmar sirri, kuma yayin da kake rubutawa ba za ka ga komai a allo ba. Haka tsarin yake. A rubuta harafi da harafi yadda yake, babba da ƙarami, kuma kada a kwafo wani umarni daga intanet a gwada ba tare da sanin wace irin Mac aka yi shi dominta ba. Ko bayan wannan, taɓa madannai na iya tayar da sababbin Mac, don haka mai goge ƙurar hunturu daga madannai ya sani.

Su kuwa Chromebook, waɗanda wasu makarantu ke amfani da su, buɗe murfi ya kunna su al'adarsu ce tun asali.

Zafi ya fi ƙarewar caji illa

Caji idan ya ƙare gobe a sake yi. Abin da ba ya dawowa shi ne lafiyar batiri. Batiran laftof na sinadarin litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, kuma mutum uku da suka yi aikin ƙirƙiro shi suka samu kyautar Nobel a 2019. Abu biyu ke tsufar da shi da wuri: zafi, da barinsa ya ƙare tas ya daɗe a haka. Kwamfutar da ta tashi a cikin jaka tana haɗa masa duka biyun. Fanka na jawo iska, amma littattafai da yadin jaka sun toshe ƙofofin, zafin da ta fitar shi take sake shaƙa.

Apple, alal misali, ya rubuta cewa a yi amfani da MacBook a yanayin da ke tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos. Duk wanda ya yi watan Afrilu a ƙasar Kano ya san rana kan kai 40. Wato tun kafin a sa ta a jaka mun riga mun wuce iyaka. Batirin da ya sha zafi kan kumbura. Alamarsa ita ce ka ga wurin linzamin yatsa ya taso, ko ƙasan kwamfutar ya yi tozo, ko murfi ya daina rufuwa daidai. Ka ga an dawo gidan jiya ke nan: murfin da ba ya rufuwa shi ne mai tayar da ita a jaka. Batirin da ya kumbura ba a danna shi, ba a huda shi, ba a ci gaba da yi masa caji. Wurin mai gyara za a kai a cire. Ba wasa ba ne, domin a 2006 kamfanin Dell ya janye batira sama da miliyan 4 daga hannun jama'a saboda fargabar kamawa da wuta.

Ga masu koyon gyara a lokacin hutu, wannan hali na da wani haɗarin. Ka kwance bayan kwamfuta kana aiki, ka ɗaga murfi don ka duba wani abu, sai ta kunna kanta alhali sukundireba na kan allon wayoyinta. Shi ya sa ƙwararru ke fara zare igiyar batiri kafin komai. A ThinkPad ma akwai zaɓi a bayos na tsayar da batirin ciki na ɗan lokaci saboda irin wannan aiki.

Wanda bai kamata ya kashe ba

Kada a fahimce ni cewa wannan hali aibu ne. Ga wanda kwamfutarsa ke zaune a tebur, maɗaurinta da ƙarfi, kuma yana da sola a gida, sauƙi ne kawai: ya buɗe, ta tashi. Akwai ma wanda shi ne ceton sa. Tokumbo da yawa maɓallin kunnawarsu ya gaji, sai an danna sau biyar kafin ya amsa, wasu ma ya mutu sam, mai ita bai lura ba saboda murfi ke yi masa aikin. Irin wannan idan ya shiga bayos ya kashe zaɓin, ya kulle ƙofa ya jefa mabuɗi a rijiya: kwamfuta ba za ta sake tashi ba, kuma ba zai iya komawa bayos ya gyara ba sai an kwance ta. Saboda haka kafin ka kashe, ka gwada maɓallin. Bar murfi a buɗe, kashe ta, danna maɓalli, ka ga ta tashi. Yi haka sau uku.

Me ya sa na tsawaita a kan ɗan wannan saiti? Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta, bayan ta fara gwada tsarin a 2013. Tambaya 180 ce cikin awa 2: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. WAEC ma ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024. Ɗalibin birni na iya shiga cibiyar gwaji a unguwarsu duk ranar da ya so. Na ƙauyen Rogo ko na bakin madatsar ruwan Challawa, abin da batirinsa ya riƙe shi ne ajinsa. Awa 3 na caji gwaji ɗaya ne cikakke da ragowar lokacin duba kurakurai. Idan jaka ta shanye su, makon ya tafi.

A shagon nan mai gyaran ya gwada maɓallin yaron, ya ga yana amsawa. Ya kashe tashi da murfi, ya kashe tashi da caja, ya mayar da rufe murfi zuwa dogon barci, ya ɗaure notocin maɗaurin. Duka bai ɗauki rabin awa ba. Ya kuma ba shi shawarar ya daina haɗa ta aljihu ɗaya da littattafai, ya riƙa sa ta da ɓangaren maɗauri a ƙasa, sannan bayan ya kashe ya kara kunne ya tabbatar fanka ta yi shiru kafin ya zuge jaka. Yaron ya samo wata tsohuwar robar tayar keke ya yanka, yana ɗaure bakin kwamfutar da ita kamar yadda ake ɗaure kaya a bayan babur. Ba ta da kyan gani, abokansa har dariya suke yi masa.

Juma'ar da ta biyo baya ya kira ni bayan isha'i. “Kawu, casa'in da bakwai ta nuna.” Na tambaye shi ko ya koma wurin mai cajin da ya zarga. Ya yi shiru, sannan ya ce zai biya ta shagon ranar Litinin.